Kafur ɗin akwati da kafur ɗin wankan gawa: shin abu ɗaya ne?

Maman Hanifa, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambayar da nake so masana a cikinmu su warware mini, domin ta jawo mana 'yar taƙaddama a gida. Ƙanwata ta sauka makon jiya, an samu ɗa namiji, kuma da yake sanyin bana ya shigo da ƙarfi sai aka buɗe akwati aka ɗebo shawul da huluna da safa na yayyensa, waɗanda aka adana da kafur tun bara. Ranar da aka koma asibiti, ma'aikaciyar jinya na shinshina shawul ɗin sai ta ce a cire masa nan take, kuma kada a ƙara sa masa wani abu mai warin kafur. Da muka dawo, surukar ƙanwar tawa ta ce wannan ƙaƙale ne na 'yan boko, domin da kafur aka raine mu baki ɗaya, kuma abin da sunansa ya zo a Alƙur'ani ba zai zama guba ba. Mene ne ainihin kafur ɗin nan, daga ina ake samo shi, kuma wa ya fi gaskiya a tsakaninsu?

Malamin Kimiyya, Rikkos:
Wa alaikumus salam, Maman Hanifa, Allah ya raya yaro. Ina ganin Hajiya, surukar ƙanwar taki, da ma'aikaciyar jinya suna magana ne a kan abubuwa biyu mabambanta da kasuwa ta haɗa su a suna ɗaya. Kafur na asali daga bishiya yake fitowa. Mafi shaharar bishiyar tasa tana tsiro ne a kudancin ƙasar Sin da Taiwan da Japan da Biyetnam, doguwa ce mai duhuwa wadda ba ta kaɗe ganye, kuma dangi ɗaya suke da kirfa da fiya, wannan fiyar da muke saye a kasuwar Farin Gada a nan Jos. Idan aka murje ganyenta za a ji ƙamshin, amma a jikin itacen da saiwarsa ya fi taruwa. Yadda ake fitar da shi a gargajiyance shi ne a sare tsohuwar bishiya, a daddatsa ta ƙanana, a turara guntayen a kan tafasasshen ruwa, tururin ya kwashe kafur ɗin ya kai shi wani mazubi mai sanyi inda zai daskare ya zama farin ƙanƙara-ƙanƙara, sannan a matse man da ke jikinsa. Akwai kuma wata bishiyar daban a tsibiran Sumatara da Borniyo, wadda ake tsaga ta a tarar da abin a daskare cikin tsagin itacen, kuma wannan shi ne mai tsadar da fataken Larabawa suka riƙa nema daga tashar ruwa ta Barus tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Fararen ƙwallayen nan da ake ƙullawa a leda a kasuwar Taminus, mafi yawansu ba su taɓa ganin bishiya ba. Sinadari ne mai suna naftalin, wanda ake tacewa daga kwaltar gawayin kwal ko daga man fetur. Masu launi-launi da ake ratayawa a banɗaki kuma galibi wani sinadarin ne na uku mai suna faradikulorobenzin. Abin da ya haɗa su ukun shi ne dukkansu farare ne a asali, suna da ƙarfin wari, suna korar asu, kuma suna ƙarewa a iska ba tare da sun narke sun zama ruwa ba. Bayan wannan, kowanne da halinsa a jikin ɗan Adam.

Alhaji Mai Turare, Taminus:
Malam, na gode da wannan bayani, amma ina so a yi wa 'yan kasuwa adalci. Mu mun san akwai iri biyu, kuma ba mu ɓoye wa kowa ba. Akwai mai ƙwallo, akwai kuma mai faɗi, wanda ke zuwa ƙanana-ƙanana masu kusurwa huɗu a jere cikin leda mai haske, galibi daga Indiya ko ƙasar Sin. Idan ka riƙe mai faɗin za ka ji shi da ɗan maiƙo, kana iya gutsura shi da farce, kuma ƙamshinsa yana ratsa hanci da sanyi-sanyi. Mai ƙwallon yana da tauri, warinsa kuma mai nauyi ne da ke kama maƙogwaro. Sai dai idan mace ta zo ta ce a ba ta kafur na ɗari biyu, ka nuna mata mai faɗi, za ta ga ɗan kaɗan ne ta ce a ba ta mai auki. Ba a taɓa zuwa an ce mana ɗayan yana cutar da jarirai ba, kuma babu wani rubutu da Hausa a jikin ledar.

Malamin Kimiyya, Rikkos:
Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, Alhaji, ban ɗora wa kowa laifi ba. Tunda siffa tana iya ruɗin mutum, domin ana iya matsa kowannensu a fitar da shi da kowace irin ƙira, ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. A cika kofin gilashi da ruwa a jefa guda ɗaya. Kafur na gaskiya zai taso ya yi iyo a sama, domin bai kai ruwa nauyi ba, kuma idan ɓarɓashinsa ne aka zuba a ruwa mai tsabta za a ga yana ta zagaye da kansa. Naftalin zai nutse ƙasa. Idan aka jiƙa gishiri mai yawa a ruwan har ya daina narkewa, naftalin zai taso, amma na banɗakin nan zai ci gaba da zama a ƙasa. Bayan gwajin a zubar da ruwan, a wanke kofin sosai, kuma kada a yi shi a gaban ƙananan yara.

Gwaggon Yara, Gangare:
Ni dai zan faɗi tawa ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Na haifi takwas, na yi wa jikoki da dama wankan jego, kuma babu akwatin da ban zuba wa wannan mai ƙwallon ba. A garin nan da damina kaya suna yin fumfuna, bargo da rigar sanyi kuma wata shida suke yi a ninke, idan ba a sa kafur ba asu ya gama da su. Ban taɓa ganin yaron da ya mutu don an rufe shi da shawul mai ƙamshi ba. Kullum sai a fito mana da sabon abin tsoro, alhali iyayenmu da ba su je makaranta ba sun raini 'ya'ya lafiyayyu.

Anti Nas, Nasarawa Gwom:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ba na musun abin da kuka gani da idonku, kuma dalilin da ya sa kuka ga hakan shi ne ainihin abin da ke sa wannan matsala ta ɓuya. Naftalin ba kowane jariri yake kayarwa ba. Akwai wani sinadarin kariya a cikin jajayen ƙwayoyin jini da likitoci ke kira G6PD. Wasu ana haihuwarsu da ƙarancinsa, gado ne, kuma ya fi bayyana ga 'ya'ya maza domin ta wajen uwa suke ɗaukarsa. An ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 400 ne ke da shi a duniya, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma yana cikin inda ya fi yawa. Mai wannan ƙarancin lafiyarsa ƙalau, ba a gane shi da ido, har sai ranar da ya haɗu da abin da jininsa ba ya ɗauka. Naftalin yana sahun gaba a cikin waɗannan abubuwa. Ba sai jariri ya haɗiye shi ba, shaƙar warinsa daga shawul ta isa, kuma yana ratsa fata, musamman da yake muna shafe jarirai da mai, shi kuwa a cikin mai yake narkewa.

Idan ya shiga, sai jajayen ƙwayoyin jinin su riƙa fashewa da yawa a lokaci guda. Hantar jariri ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe dattin ba, sai idonsa da fatarsa su zama rawaya, wato shawara. Idan shawarar ta yi tsanani takan haura ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ta yi a can ba ta gyaruwa. Na ga jaririn da aka kawo a kwana na biyar, ya daina kama nono, kukansa ya zama siriri mai tsini, yana banƙarewa ta baya, tafin ƙafarsa har ya yi rawaya. Da muka buɗe jakar kayansa, ƙwallayen ne a ƙasa guda-guda, wasu sun ƙanƙance. An yi masa musanyar jini ya rayu, amma irin waɗannan yara da yawa sukan tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. A unguwa kuwa ba wanda zai ce akwati ne ya jawo, sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko a ce haka Allah ya halicce shi. Shi ya sa Gwaggo ba ku taɓa jin an ce kafur ya yi kisa ba.

Maman Hanifa, ki duba yaron da rana a kusa da taga, ba da hasken kwan lantarki ba. Ki duba farin idonsa da dasashinsa, ki ɗan danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa ki saki ki ga launin wurin. Idan akwai rawaya, a tafi asibiti a ranar, domin akwai shuɗin haske na musamman da ake kwantar da su a ƙarƙashinsa. Shanya jariri a hantsi, ko ba shi ruwan gulukos, ko jiƙon ɗanyar gwanda, ba sa maganin shawara mai ƙarfi, lokaci kawai suke cinyewa. Kayan da suka kwana da naftalin kuma wanki ɗaya ba ya fitar da shi, domin ba ya narkewa sosai a ruwa. A shanya su a rana da iska kwanaki, a wanke, a sake shanyawa har warin ya ɓace sarai, kuma idan da hali a sa wa sabon haihuwa waɗanda ba su taɓa shiga akwatin ba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sayar da ƙwallayen naftalin tun 2008.

Gwaggon Yara, Gangare:
To, na ji. Akwai ɗan maƙwabciyarmu da ya yi irin wannan banƙarewar kafin suna, yau yana da shekara goma sha ba ya ji ba ya magana, kuma Allah ne kaɗai ya san sababi. Amma ki gaya mini, idan na daina mai ƙwallo na koma mai faɗin da Alhaji ya ambata, shi ke nan na huta? Domin mu har a ruwan zama na masu jego muna jefa shi, wasu kuma suna jiƙa shi su sha don basir.

Mai Kemis, Titin Bauchi:
Gwaggo, ku ba ni dama in amsa wannan, domin nan ne nake jin tsoron kada zaure ya watse da fahimtar cewa na bishiya ba shi da illa. Kafur na gaskiya magani ne idan a fata ya tsaya. Yana cikin Robb da Vicks da Tiger Balm da ire-irensu. Aikinsa shi ne ya taɓa jijiyoyin fata masu jin sanyi da ɗumi, sai wurin ya ɗauki sanyi sannan ya yi ɗumi, hankalin jiki ya bar ciwon gaɓar ko ƙaiƙayin. Haka idan an shaƙa lokacin mura, mutum yakan ji kamar hanci ya buɗe, duk da cewa kumburin cikin hancin yana nan. Wannan amfani ne na gaske, amma iyakarsa ke nan.

Idan ya shiga ciki kuwa, guba ne mai saurin aiki. Yana fara wa da ƙunar baki da amai, daga nan sai jijjiga, wani lokaci cikin mintuna kaɗan. Ƙaramin yaro ba ya buƙatar mai yawa, ƙwaya ɗaya ta mai faɗin nan tana iya jefa shi cikin taune-taune. Domin ku san ba sabon zance ba ne, a 1934 wani likitan ƙwaƙwalwa a ƙasar Hungari mai suna Meduna ya riƙa yi wa masu taɓin hankali allurar kafur da gangan don ya tayar musu da jijjiga, saboda a lokacin yana ganin hakan zai warkar da su. Wato likitoci sun daɗe da sanin abin da yake yi wa ƙwaƙwalwa. A Amurka, tun farkon shekarun 1980 aka janye man kafur mai kashi 20 cikin ɗari daga kasuwa saboda yawan yaran da ke shan sa bisa kuskure, aka kuma kayyade cewa kada ya wuce kashi 11 a cikin man shafawa. A jikin kwalbar Vicks ma an rubuta cewa ba a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba.

Saboda haka shan jiƙonsa don basir ko sanyi kasada ce da rai, kuma mai ciki ta fi kowa shiga haɗari domin yana isa ga ɗan da ke cikinta. Kada a jefa shi a ruwan zaman mai jego, domin akwai rauni a wurin kuma ta rauni yake saurin shiga jini. Kada a cusa man zafi a hancin yaro, kada kuma a shafa shi a cibiyar jariri, akwai man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti don cibiya. Idan yaro ya haɗiye kowane iri, na bishiya ko na ƙwallo, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kuma kada a ɗura masa manja ko madara yadda muka saba, domin maiƙo yana ƙara wa jiki saurin zuƙe shi. A ɗauke shi zuwa asibiti tare da ragowar abin da ya ci.

Baban Sadik, Bukur:
Ina bin wannan muhawara tun farko, kuma akwai abin da ya tsaya mini. Idan sai an sare tsohuwar bishiya kafin a samu, ta yaya ya wadaci duniya har ya zo mana da wannan farashi? Sannan bishiyar turaren nan da ta cika tsofaffin filayen haƙar kuza daga Bukur zuwa Barikin Ladi, ganyenta yana da irin wannan ƙamshi. Ba za a iya fitar da kafur daga gare ta ba?

Malamin Kimiyya, Rikkos:
Bishiyar turare daga Ostareliya aka kawo ta, kuma man da ke ganyenta wani sinadari ne daban, ko da yake sau da yawa ana haɗa su a man zafi guda, shi ya sa hanci ke danganta su. A nahiyarmu, tsiron da aka sani da kafur mai yawa wani ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne da ke fitowa a Kenya da Tanzaniya, kuma daga ganyensa ake turaro shi ba tare da an sare komai ba.

Tambayarka ta farko kuwa ita ce tarihin abin gaba ɗaya. A wajajen 1870 aka gano cewa idan aka cuɗa kafur da audugar da aka sarrafa da asid ana samun seluloyid, wanda yana cikin robobin farko da masana'antu suka yi, kuma da shi aka riƙa yin matajin kai da ƙwallon tebur da faifan ɗaukar hoto na silima. Nan take buƙata ta yi tashin gwauron zabo. Taiwan ce ke samar da mafi yawansa a lokacin, kuma bayan Japan ta karɓe tsibirin a 1895, sai ta mai da cinikin kafur na gwamnati ita kaɗai a 1899. An yi ta kutsawa cikin dazukan tsaunuka ana sare bishiyoyi, kuma ƙabilun da ke zaune a can sun sha wuya ƙwarai a kan wannan. Tsadar ce ta sa masana a Turai suka duƙufa neman hanyar haɗa shi, har wani masani ɗan ƙasar Finlan mai suna Gustaf Komppa ya yi nasara a 1903. A yau mafi yawan kafur ɗin da ke kasuwannin duniya, har da mai faɗin shagon Alhaji, ana yin sa ne daga man da ake samu a ƙaron itacen fayin, wato bishiyar da Turawa ke kira pine. Sai dai a lura da kyau, wannan kafur ne na sosai, sinadarinsa ɗaya da na bishiyar, yana iyo a ruwa, yana aiki iri ɗaya. Kada a ɗauke shi ɗaya da naftalin, wanda shi wani abu ne can daban.

Malam Na'ibi, Dilimi:
Assalamu alaikum. An ambaci Alƙur'ani a farkon zance, don haka ya zama wajibi in ce wani abu. Kafur ya zo a Suratul Insan, aya ta 5, inda Allah yake ba da labarin cewa mutanen kirki za su sha daga ƙoƙon da aka gauraya abin shansa da kafur, kuma malaman tafsiri da dama sun ce sunan wani marmaro ne a Aljanna, saboda ayar da ke biye ta ambaci marmaro. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa babu abin da ke Aljanna na kayan duniya sai dai sunaye. Saboda haka ayar ba hujja ba ce ta shan kafur ɗin duniya, balle kuma abin da ba kafur ba ne ma. Malaman tarihi sun kawo cewa lokacin da Musulmi suka ci birnin Mada'in a shekara ta 16 bayan hijira, a ƙarƙashin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, sun tarar da kafur mai yawa a taskar Kisra, sarkin Farisa, wasu suka ɗauka gishiri ne suka zuba a ƙullun gurasa, sai da ɗacinsa ya hana su ci.

Inda sunna ta tabbatar da shi shi ne wankan mamaci. A hadisin Ummu Aɗiyya da Bukhari da Muslim suka ruwaito, lokacin da 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta rasu, ya umarci matan da su wanke ta sau uku ko biyar ko fiye da ruwa da magarya, su sanya kafur a wankin ƙarshe. Haka Risala ta kawo, ta kuma ƙara da sanya ƙamshi a tsakanin likkafani da gaɓoɓin sujada. Malamai sun ambaci hikimarsa, cewa yana ƙamsasa jiki, yana sanyaya shi, yana ɗan ƙarfafa shi, yana kuma korar ƙwari. Mustahabbi ne, idan babu shi wanka ya inganta, kuma wani turaren mai tsarki yana iya tsayawa a madadinsa.

Abin da ya tayar mini da hankali a bayanin Malamin Kimiyya shi ne, na sha halartar wanka inda aka aiki yaro shago ya sayo kafur, ya dawo da waɗannan ƙwallayen, aka daka su aka zuba a ruwan ƙarshe. Idan dai kwalta ce asalinsu, to ba abin da hadisi ya ambata muke yi ba, kuma masu wankan suna shaƙar sa a rufaffen ɗaki suna cuɗa shi da hannu. Malam, wanda aka haɗa daga ƙaron fayin fa, ka tabbatar mana shi kafur ne a haƙiƙarsa?

Malamin Kimiyya, Rikkos:
Allah ya gafarta Malam, ta fuskar sinadari na tabbatar, ƙamshinsa da sanyinsa da korar ƙwarinsa duk ɗaya ne da wanda aka turaro daga bishiya, kuma asalinsa tsiro ne. Hukuncin kuma naku ne. Abin da zan ƙara shi ne shi ma ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka a daka shi ya yi laushi kafin a zuba, kaɗan ya wadatar, kuma a ajiye ragowar a kwalba mai murfi nesa da wuta, domin yana kamawa da sauri, a buɗe kuma ƙarewa zai yi.

Malam Na'ibi, Dilimi:
Idan haka ne ban ga abin da zai hana amfani da shi ba, tunda siffofin da ake nema suna tare da shi kuma babu najasa a asalinsa. Akwai akwatin kayan jana'iza a masallacinmu, in Allah ya yarda bayan la'asar zan buɗe shi in yi gwajin kofin ruwan a gaban 'yan kwamiti, sannan mu sanar da mata masu wanka a unguwa. Alhaji, idan kana da mai faɗin a shago ka ware mana leda goma, ma'ajin kwamiti zai zo gobe da safe ya biya ya karɓa.

Alhaji Mai Turare, Taminus:
Akwai shi, Malam, amma zan fara jefa ɗaya a ruwa kafin in ba shi, domin katan ɗin da ya zo mini a watan jiya daga wani dila ne da ban saba saye a wurinsa ba.